i5 ko i7, Ryzen 5 ko Ryzen 9: Wace Furosesa Ce Ta Dace da Aikinka a Kaduna?

Duk wanda ya shiga shagon kwamfuta a kan titin Ahmadu Bello Way, kusan magana ɗaya yake fara yi: "Malam, Core i7 nake so." Mai shago ba zai yi musu ba, zai ɗauko wadda aka manna wa tambarin i7 kusa da madannai ya ajiye masa. Daga nan kuɗi ke fara zurarewa, domin lambar nan ta 5, 7 ko 9 ita ce mafi rauni cikin abubuwan da ke nuna ƙarfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi (Core i5, i7 da i9 na kamfanin Intel ne, Ryzen na AMD). Akwai i5 da ke yi wa i7 fintinkau, akwai kuma i9 da ke zame wa mai ita kaya saboda ba shi da wutar ciyar da ita. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 farashin laftof ya yi tashin gwauron zabi, ga shi kuma a kusan duk laftof na yanzu furosesa a liƙe take da uwar allo, wato babban faifan cikin kwamfuta da sassanta ke ɗaure a kai, ba a cire ta a sa wata. Abin da ka zaɓa ranar farko, da shi za ka zauna har ka sayar.

Karanta sunan har ƙarshensa

Cikakken sunan furosesa yana ɗauke da abu uku: matakinta, zubinta (wato zamanin da aka fito da ita), da harafin ƙarshe. Ɗauki i5-8250U. i5 shi ne mataki, 8 na farko shi ne zubi na takwas, U kuma shi ne ajin wutar da take ci. A i7-10510U zubi na 10 ne, a i5-1135G7 na 11, a i5-1235U na 12.

Zubi ya fi mataki nauyi, musamman a kasuwar tokumbo inda yawancinmu ke saye. i7-7500U ta 2016 ƙwayoyin aiki biyu kacal gare ta, wato sassan cikin furosesa da kowanne ke iya ɗaukar aiki nasa. i5-8250U da ta biyo bayanta a 2017 tana da huɗu. Ko da ana kiran waccan i7, wannan i5 ɗin ta fi ta nesa ba kusa ba a duk aikin da ake iya rabawa tsakanin ƙwayoyi. Sannan ga wata matsalar: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a hukumance daga zubi na takwas na Intel take farawa, ko Ryzen 3000 na AMD a ɓangaren laftof. Masu gyara suna da dabarar ɗora ta a kan tsofaffi, amma babu tabbacin sabuntawa za ta ci gaba da zuwa. Duk arahar i7 ta zubi na shida ko na bakwai, a yau ba abin saye ba ce.

Harafin ƙarshe shi ne inda aka fi yaudarar mutane. U na nufin furosesa mai tsimin wuta, kusan wat 15, wadda ake sa wa siraran kwamfutocin ofis irin su ThinkPad, Latitude da EliteBook. G7 da ake gani a zubi na 10 da 11 ita ma 'yar wannan gida ce. P tana kusan wat 28. H tana wat 45, ita ake sa wa kwamfutocin aiki mai nauyi da na wasa. HX kuwa tana farawa daga wat 55, kuma irin su i9-13980HX mai ƙwayoyi 24 tana iya haurawa wat 150 ita kaɗai idan aiki ya yi tsanani. A ɓangaren AMD haruffan sun yi kama, sai dai akwai HS, wadda take tsakanin U da H, kusan wat 35.

Yanzu a dubi abin da wannan ke nufi a aikace. Tun daga zubi na 12 Intel ta raba ƙwayoyinta gida biyu: manya masu ƙarfi, da ƙanana masu tsimin wuta. i7-1255U tana da manya biyu da ƙanana takwas. i5-12500H tana da manya huɗu da ƙanana takwas, kuma an ba ta wuta ninki uku. A aikin da zai ɗauki minti goma ana gumurzu, i5 ɗin ce za ta riga gamawa. Wanda ya biya ƙarin kuɗi don i7 mai U yana zaton ya sayi babba, tambari ya saya.

Idan kuma zubi ɗaya ne, harafi ɗaya, tazarar da ke tsakanin matakai sau da yawa ba ta kai yadda farashi ke nunawa ba. i5-1235U da i7-1255U ƙwayoyi goma-goma gare su, tsari iri ɗaya. Bambancin shi ne ɗaya gudunta yana kaiwa gigahaz 4.4, ɗayar 4.7, wato ƙasa da kashi bakwai cikin ɗari, sai ɗan ƙarin ƙarfin zane. Babu mai gane wannan a Word ko Excel. Haka i7-13700H da i9-13900H, kowacce ƙwayoyi 14. Haka Ryzen 7 7840HS da Ryzen 9 7940HS: ƙwayoyi takwas-takwas, ɗaya 5.1, ɗaya 5.2. Inda tazara ta gaskiya take shi ne idan yawan ƙwayoyi ya sauya, kamar daga i5-12450H mai takwas zuwa i7-12700H mai 14.

AMD ma tana da nata tarkon. A jerin Ryzen 7000 na laftof, lamba ta uku ce ke faɗin zamanin ƙirar. Ryzen 5 7520U tana da 2 a wurin, ƙirar Zen 2 ce, ƙwayoyi huɗu. Ryzen 5 7530U ƙirar Zen 3 ce, ƙwayoyi shida. Ryzen 5 7640U ita ce ta Zen 4. Sunayen kamar 'yan uwa ɗaya, amma ta farkon a ajin masu araha take, kuma bai kamata a sayar maka da ita a farashin matsakaiciya ba. Haka nan Intel ta fito da Core Ultra a Disamban 2023, sai kuma akwai Core 5 da Core 7 marasa kalmar Ultra, irin su Core 7 150U, waɗanda tsohuwar ƙira ce aka yi wa sabon suna.

Zafi, ƙura da wuta

Alƙaluman da kamfani ke rubutawa a kwali a ɗaki mai sanyi aka auna su, caja na jone. Kaduna a Maris da Afrilu zafin rana yana wuce digiri 35, ɗakin da rufin kwano ya rufe ba silin ya fi haka. Furosesa idan ta kusanci digiri 100 tana rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Mai wat 15 tana da sauƙin sanyayawa, ƙaramar fanka ɗaya ta ishe ta. Mai wat 45 zuwa sama tana buƙatar fanka biyu, bututun tagulla masu kauri, da iska mai sanyi da za ta shiga. Idan iskar da ke shiga ita kanta zafi gare ta, babbar furosesa za ta yi gudunta na 'yan mintuna sannan ta sauko, wani lokaci har ta dawo daidai da wadda ke ƙasa da ita. Shi ya sa i9 a cikin siririn jiki ke yawan ba da kunya. Jikin kwamfutar shi ke yanke hukuncin iya ƙarfin da za ka samu.

Sai ƙurar hunturu. Idan aka buɗe bayan laftof da ta sha hunturu biyu ba a taɓa ta ba, a bakin siraran ƙarafunan da iska ke fita za a tarar da wani abu launin toka-toka mai ja-ja, ya haɗu ya yi kamar guntun bargo, ana iya ɗaga shi da tsinke a dunƙule. Fanka tana ta ihu, amma iskar ba ta da hanyar fita. Kwamfuta mai H ko HX ta fi zuƙar iska, don haka ta fi saurin toshewa. Maganinsa a buɗe a share aƙalla sau ɗaya a shekara, gwamma a ƙarshen Fabrairu kafin zafi ya kankama. Wajen hura iska a dafe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa fiye da kima. Man sanyayawar da ke tsakanin furosesa da tagulla shi ma yana bushewa, bayan shekara biyu ko uku a goge a shafa sabo, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake. Kuma a daina ɗora kwamfuta a kan katifa ko kafet, domin ta ƙasa take shaƙar iska.

Lissafin wuta ya fi komai fito da bambancin. Siririyar laftof mai U cajarta wat 45 ko 65 ce, kuma a aikin rubutu da intanet ba ta cika wuce wat 20 ba. Babbar mai HX da katin girafiks, wato sashen da ke sarrafa hoto da zane, cajarta na iya zama wat 230 har 330. A ce kana da inbata da batiri ɗaya mai bolt 12, amfiya-awa 100. Wannan wat-awa 1,200 ke nan, kuma idan batirin ruwa ne, rabi kawai ya kamata a sha don ya daɗe, wato 600. Kwamfuta mai cin wat 20 za ta kwana ta wuni a kai. Mai cin wat 180 tana aiki mai nauyi, cikin kusan awa uku ta shanye shi, ba a ma kunna fankar ɗaki ba.

Akwai kuma abin da masu shago ba su cika faɗa ba: manyan kwamfutocin nan da zarar an zare caja suna rage ƙarfi sosai, saboda batirin cikinsu ba zai iya ba da wutar da suke nema ba. Ƙarfin da ka biya wa kuɗi yana nan ne kawai lokacin da akwai wuta a bango. Mai U kuwa kusan yadda take a jone haka take a zare, kuma idan tana caji ta USB-C, fawabank mai ba da wat 65 zai ɗauke ta. Fawabank na 20,000mAh kusan wat-awa 74 ne, zai cika batirin laftof mai wat-awa 50 kusan sau ɗaya. Ga wanda ke zaune a unguwar da wuta ke zuwa ta koma, wannan ya fi masa ƙarin ƙwayoyi amfani.

Wane aiki, wace furosesa

Ɗalibin KASU ko Kaduna Polytechnic da ke rubuta aikin ƙarshe, malamin makaranta, ma'aikaciyar ofis, akanta, mai sayar da kaya ta intanet, duk aikinsu Word ne, Excel, PowerPoint, Chrome, Zoom, wani lokaci SPSS. i5 mai U daga zubi na 11 zuwa sama, ko Ryzen 5 5500U, 5625U, 7530U, sun wadatar har da saura. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, i5 ta zubi na takwas ita ce iyaka ta ƙasa. Wanda ya sayi H don wannan aiki ya sayi nauyin jaka, ƙarar fanka da batiri mai saurin ƙarewa.

Masu aikin ɗab'i da zane-zane, CorelDRAW da Photoshop, katin biki, fasta, kalanda: matsakaiciya mai kyau ta isa, in dai RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a lokacin, ya kai gigabait 16. Abin da ya kamata su fi dubawa shi ne allo, domin allo mai dusashen launi yana sa a buga aiki ya fito dabam da abin da aka gani.

Masu karatun gine-gine da injiniya su ne aka fi sa wa sayen abin da ba shi ne buƙatarsu ba, don haka a ɗan tsaya a nan. Ka ɗauki shagon tela ana gobe sallah. Idan riguna talatin ne, yawan teloli yana rage aiki. Idan kuwa babbar riga ɗaya ce mai aikin hannu a wuya, mutum ɗaya ne zai zauna mata, saurin hannunsa ne abin dubawa, ko da teloli ashirin na zaune a gefe. AutoCAD irin babbar rigar nan ce, yawancin aikinsa a kan ƙwaya ɗaya yake tafiya, Revit ma da yawan aikinsa haka yake. Sabuwar i5 mai H mai saurin ƙwaya za ta yi zanen gida daidai da i9, ko kusa da haka. Inda nauyi ke zuwa shi ne fitar da hoton ginin kamar na gaske, kuma Lumion, manhajar da ake yin wannan da ita, a kan katin girafiks ya dogara. Saboda haka ga ɗalibin gine-gine, i5-12500H ko Ryzen 5 mai H tare da katin girafiks RTX 4060 mai gigabait 8 ta fi i9 tare da RTX 3050 mai gigabait 4. Wannan hukuncin ya shafi masu wasan kwamfuta ma: katin girafiks ne gaba, furosesa na biye.

Mai haɗa bidiyon biki da suna, idan a 1080p yake aiki da CapCut ko Premiere Pro, matsakaiciya mai H za ta riƙe shi. Furosesar Intel tana da wani sashe na musamman, Quick Sync, da ke sauƙaƙa karanta bidiyon H.264 da H.265, irin wanda wayoyi da kyamarori ke ɗauka. Amma wanda ke aiki a 4K, kyamara biyu ko uku, da gyaran launi a DaVinci Resolve, shi ne mutumin da babbar furosesa ta dace da shi da gaske: i7 mai H ko HX, Core Ultra 7 155H, ko Ryzen 7 7840HS, da katin RTX da RAM gigabait 32. A nan lissafin kasuwanci ne. A ce fitar da bidiyo yana ɗaukar minti 40 a matsakaiciya, 25 a babba, kuma sau uku kake yi a rana, ga dangin amarya na ta kiran waya. Minti 45 kullum kuɗi ne. Idan kuwa sau biyu a wata kake yi, ka danna ka tafi masallaci, kafin ka dawo ta gama.

Masu rubuta manhaja sun kasu. Mai gina shafukan intanet, Ryzen 5 ko i5 da RAM 16 sun ishe shi. Mai Android Studio da wayar gwaji ta cikin kwamfuta, ko mai kunna Docker da kwamfutocin kwaikwayo biyu-uku lokaci guda, shi yawan ƙwayoyi yana masa amfani, kuma Ryzen 7 mai ƙwayoyi takwas ita ce tsaka-tsaki mai kyau. Ko Ryzen 7 7730U, duk da U ce, takwas gare ta ba tare da cin wuta mai yawa ba.

i9 da Ryzen 9 mai HX fa? Sai wanda aikinsa na kullum ya cika dukkan ƙwayoyi na sa'o'i, yana da sola ko wuta tsayayya, da ɗaki mai sanyi. Shi ma ya kamata ya tambayi kansa ko kwamfutar tebur ba za ta fi masa ba, tun da a wuri ɗaya zai ajiye ta, ga sauƙin gyara da sauya kayan ciki.

Kuɗin da ka rage a furosesa

Yawancin jinkirin da ake ɗora wa furosesa laifin RAM ne ko ma'ajiya. Windows 11 da Chrome mai shafuka goma sha biyar suna cinye gigabait 8 nan da nan, daga nan kwamfuta ta fara aron wuri a ma'ajiya, komai ya yi sanyi. i5 da RAM 16 ta fi i7 da RAM 8 daɗin aiki, wannan ba abin jayayya ba ne. Tsohon faifai mai juyawa kuwa yana iya mayar da kowace furosesa kunkuru. SSD, wato ma'ajiya mai sauri marar juyawa, mai gigabait 512 shi ne daidai, 256 yana cika da wuri.

A lura da yadda aka jera RAM ɗin. Sanda biyu masu 8-8 sun fi sanda ɗaya mai 16, domin hanya biyu suke buɗewa. Girafiks ɗin da ke cikin furosesa da RAM yake aiki, har ma Iris Xe na Intel idan sanda ɗaya ce yakan koma aiki a matsayin UHD, wanda bai kai shi ƙarfi ba. A tambaya kuma ko RAM ɗin a liƙe yake. Siraran kwamfutoci da yawa ba su da gurbin ƙari. Core Ultra masu V a ƙarshe, irin su 226V da 258V, batirinsu na daɗewa ƙwarai, amma RAM ɗinsu a jikin furosesar yake, 16 ko 32, ba ƙari har abada.

MacBook masu M1 zuwa sama, da Apple ta fara a Nuwamban 2020, sun yi fice wajen ƙarfi da tsimin batiri, kuma ba sa rage gudu sosai idan an zare caja. Air ba ta da fanka, ƙura ba ta dame ta ba, sai dai a dogon aiki mai nauyi zafi yana sa ta sassauta. Su ma ba a ƙara musu RAM, mai 8 ta yi kaɗan ga mai bidiyo, kuma Revit, SolidWorks da ArcGIS Pro na Windows ne kawai. Kwamfutocin Windows masu Snapdragon X su ma batirinsu na daɗewa, amma wasu tsofaffin manhajoji da direbobin firinta ba sa aiki a kansu, abin da mai shagon buga takardu ba zai so ya gano bayan ya biya ba.

A gaban kanta, kafin kuɗi su bar hannunka

Tambarin da ke jiki ana manna shi, kada ka yarda da shi. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, sannan CPU, ka karanta cikakken sunan da yawan ƙwayoyi. A Memory za ka ga yawan RAM da gurabun da aka cika. Ɗauki hoton sunan da wayarka ka duba shi a shafin Intel ko AMD nan take.

Idan mai H ko HX za ka saya, zo da filasha mai ɗauke da HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi da gudu, da Cinebench R23, manhajar gwajin ƙarfin furosesa. Jona caja, kunna gwajin dukkan ƙwayoyi, ka bar shi ya yi minti gomansa kana kallon zafi da gudu. Hawa zuwa digiri 90 da 'yan kai ba abin tsoro ba ne a irin waɗannan. Abin tsoro shi ne ta manne a 100, gudu ya faɗo ƙasa warwas, ko kwamfutar ta mutu da kanta. Saurari fankar, idan tana ƙarar gogayya ta kusa lalacewa. Mai shagon da ya san kayansa ba zai hana ka wannan gwaji ba.

Batiri kuma, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai fitar da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa. Idan ya sauka ƙasa da kashi 70, ka sa kuɗin sabon batiri a cikin ciniki. Shafa wurin linzamin yatsa, idan ya ɗan kumbura ko dannawa ta yi tauri, batirin ƙasansa ne ya kumbura saboda zafi. Duba cajar ma: laftof mai neman wat 180 da aka haɗa da caja mai 90 za ta riƙa rage ƙarfi, ko batiri ya riƙa sauka alhali tana jone.

Daga ƙarshe a sake kunna ta a shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi. Tokumbo da yawa daga kamfanonin waje suke fitowa, wasu da makullin sirri a kai, wanda cire shi a sababbin ƙira aiki ne mai wuya da tsada. In ta nemi kalmar sirri kuma mai shago bai san ta ba, ajiye ta ka duba wata. Wadda ka amince da ita, a rubuta maka cikakken sunan furosesar, lambar jikin kwamfutar da kwanakin garanti a kan rasit.